Maballi Ɗaya Tak: Haɗa Madannin USB na Rumfar Ɗaukar Hoto

 

Abin da kuke gani a hannuna jan maballi ne, faɗinsa milimita 100, an dasa shi a kan ɗan akwatin katako, igiyar USB ta fito ta bayansa. Aikinsa ɗaya ne: idan an danna shi, ya shaida wa kwamfuta cewa lokacin ɗaukar hoto ya yi. A kansa zan yi magana har lokacin da aka ɗiba mini ya cika. Na san wani zai ce a ransa, maballi ɗaya ne har za a tara jama'a a kansa? Ina roƙon a ba ni aron kunne, domin na haɗa irinsa da dama, kuma kowanne sai da ya koya mini abin da na baya bai koya mini ba.

Rumfar hoto dai wuri ne da mutum zai tsaya gaban kyamara, shi kaɗai ko da abokansa, a ɗauke su ba tare da mai hoto ya tsaya a kansu ba. Ba sabon abu ba ne. A shekarar 1925 wani mutum mai suna Anatol Josepho, haifaffen Saberiya, ya buɗe shago a titin Broadway na birnin New York da wata na'ura da ya kira Photomaton. Kana jefa santi 25, ka zauna, bayan kamar minti takwas ta turo maka hotuna takwas a jere a kan takarda ɗaya. Mutane suka yi ta layi. A 1927 ya sayar da haƙƙin na'urar na ƙasar Amurka a kan dala miliyan ɗaya. A Japan kuma, a 1995, kamfanonin Atlus da Sega suka fito da wata rumfar hoto mai suna Purikura, wadda 'yan mata 'yan makaranta suka mayar da ita abin yayi. A waccan na'ura ta Josepho, tsabar kuɗin da aka jefa ita ce mai tayar da aikin. A rumfar da mutum ya haɗa da hannunsa don biki ba a jefa kuɗi, saboda haka dole a sami abin da zai tsaya a gurbin wannan tsaba.

Rumfar gida ba ta da wuyar haɗawa: laftof, kyamara, fitila mai haske, labule a baya, da firinta idan da hali. Manhajojin da ke tafiyar da ita suna nan, irin su dslrBooth da Sparkbooth, masu amfani da Linux kuma suna da gPhoto2 da ke sarrafa manyan kyamarori. Rumfata ta farko na kafa ta ne a bikin wata 'yar yayata, ranar kamu. Dalilina shi ne na lura mata da yawa ba sa sakewa idan namiji ne riƙe da kyamara, wasu ma sai su ja mayafi su kauce. Rumfa ba ta da ido irin na mutum, sai ka ga dattijuwar da ba ta taɓa yarda a ɗauke ta ba ta shiga da jikokinta tana dariya. To amma a ranar linzamin kwamfuta marar igiya na ajiye, na rubuta a takarda cewa a danna nan. Kafin la'asar wani yaro ya rufe manhajar gaba ɗaya, kafin magariba linzamin ya yi ɓatan dabo. Ƙawayen amarya da suka zo daga nesa suka koma ba hoto. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, kuma daga ranar na gane cewa duk kayan da ke rumfar, abu ɗaya kawai baƙo yake taɓawa da hannunsa. Idan wannan abu ɗaya bai fahimtu ba, tsadar kyamararka ba ta amfana maka komai.

Dabarar ita ce maballin ya gabatar da kansa ga kwamfuta a matsayin kibod. Bayan an fito da USB a 1996, an ware wani rukuni na kayan da ɗan Adam ke taɓawa, kibod da linzami da madannin wasa, ana kiransa HID. Kowace kwamfuta, Windows ce ko Mac ko Linux, ta san yaren wannan rukuni tun daga masana'anta, shi ya sa ba ka taɓa neman direba kafin sabon kibod ya yi aiki. Idan ka danna harafi, kibod yakan aika ɗan saƙo mai baiti takwas. Na farko yana faɗin ko an riƙe Shift ko Ctrl ko Alt, na biyu an bar shi fanko, sauran shidan kuma lambobin maɓallan da ke danne a lokacin. Dogon maballin nan na tazara da ke ƙasan kibod lambarsa 44. Da ka ɗaga yatsa, sai a sake aika wani saƙon da babu komai cikinsa sai sifiri, ma'ana an saki. Ku riƙe wannan saƙo na biyu, za mu dawo kansa. Manhajojin rumfa galibi ana iya tayar da su da maballin kibod, sau da yawa na tazarar nan. Ke nan abin da muke ginawa kibod ne mai maballi ɗaya.

Hanya mafi araha ita ce ta tsohon kibod, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ka je wurin masu gyaran kwamfuta ka nemi wanda wasu haruffansa suka mutu. Kwance shi. Za ka tarar da ledoji uku a kan juna: ta sama da ta ƙasa suna da zanen layukan wuta, ta tsakiya kuma ramuka ne kawai. A can gefe akwai ɗan allo inda igiyar USB ta shiga, da jerin baƙaƙen haƙora a bakinsa. Kowane maballi mahaɗar layi biyu ne, ɗaya daga ledar sama, ɗaya daga ta ƙasa. Sai ka sa yatsa a wurin maballin tazara, ka bi layin sama har haƙorin da ya ƙare a kai, ka bi na ƙasa shi ma. Mita za ta taimake ka idan ka sa ta a inda take ƙara in wuta ta ratsa. Baƙin da ke kan haƙoran nan gawayi ne, dalma ba ta kama shi, sai ka kankare a hankali da reza har jan ƙarfe ya bayyana, sannan ka liƙa wayoyi biyu. Duk lokacin da wayoyin nan suka haɗu, kwamfuta za ta ga an danna tazara. Ina son wannan hanya ga mai koyo, domin ba ta buƙatar rubuta komai, kuma tana nuna wa yaro cewa babu tsafi a cikin kibod. Aibinta biyu. Haƙoran sirara ne, ɗan fizga kaɗan sai su ɓamɓare. Na biyu, ba ka da iko a kan halinsa: idan yaro ya kwanta a kan maballin, kwamfuta za ta yi ta maimaita tazara kamar yadda take yi in ka riƙe harafi.

Hanya ta biyu, wadda nake bi yanzu, ita ce ɗan allo mai ƙwaƙwalwa da za ka rubuta wa umarni. A nan mutane suke asarar kuɗi, don haka a saurara. Arduino, wanda aka faro a garin Ivrea na Italiya a 2005, iri-iri ne. Wanda ya fi yawa a hannun ɗalibai shi ne Uno, kuma shi ne bai dace da wannan aiki ba, saboda ƙwaƙwalwarsa, ATmega328P, ba ta magana da USB kai tsaye, wani ɗan aisi ne daban yake yi mata tafinta. Wanda kake nema shi ne mai ATmega32U4: Arduino Leonardo da ya fito a 2012, ko Arduino Micro, ko Pro Micro wanda bai fi tsawon babban yatsa ba. Allunan Teensy su ma sun ƙware a wannan. Akwai kuma Raspberry Pi Pico da ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, sai dai ƙafafunsa a kan bolt 3.3 suke aiki, kada a kai musu 5. Za ku kuma ga wani allo mai arha da ake sayarwa tare da maɓallan wasan bidiyo, ana ce masa Zero Delay. Shi madannin wasa yake zama a idon kwamfuta, ba kibod ba, sai ka ƙara wata manhajar da za ta fassara shi. Ni ba na son ƙarin manhaja a wurin biki. Duk abin da aka ƙara, an ƙara abin da zai iya tsayawa ne.

Shi maballin kansa irin na injinan wasan bidiyo ne, waɗanda aka ƙera don su sha duka. A gindinsa akwai ɗan makunni mai ƙafa uku, an rubuta COM da NO da NC. COM ita ce uwa. NO a buɗe take sai an danna, NC kuma a haɗe take sai an danna ta rabu. Muna son COM da NO. Wanda ya yi kuskure ya sa NC zai ga rumfa tana ɗauka lokacin da aka saki maballi, ko ma da an kunna ta. Kada ka liƙa waya da dalma a ƙafafun nan. Yi amfani da 'yan kawunan ƙarfe masu zurawa, saboda ranar da ƙurar hunturu ta shiga makunnin, ka zare shi ka sa wani cikin minti ɗaya. A jakata kullum akwai guda biyu na ko-ta-kwana.

Haɗin wayar bai taka kara ya karya ba: COM ta tafi GND, NO ta tafi ƙafa ta 2 a allon. Sai dai akwai wani abu da ke rikita masu koyo. Ƙafar da ba a haɗa ta da komai ba ba sifiri take karantawa ba, lilo take yi, kusantar hannunka kawai na iya sa ta ce an danna. Maganinsa a ɗaure ta sama da rezista. Ita ATmega32U4 tana da nata a ciki, tsakanin om dubu 20 zuwa 50, kana kunna shi da kalmar INPUT_PULLUP. Daga nan ƙafar tana zaune a kan bolt 5, idan an danna sai ta faɗi ƙasa. Wato a rubutunka, sifiri shi ne an danna. Ka kuma bar allon a cikin akwati ɗaya da maballin, wayar da ke tsakaninsu gajera. Doguwar waya eriya ce, tana kwaso hayaniyar janareta da ta manyan lasifikun makaɗa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Idonmu yana ganin dannawa ɗaya ce, amma ƙarfe biyun da ke cikin makunni ba sa haɗuwa su zauna lafiya. Sukan bugi juna su yi tsalle, su sake haɗuwa, su sake rabuwa, kamar ƙwallon da aka saki a kan siminti, na tsawon 'yan milisakan, wato kashi kaɗan cikin dubu na sakan ɗaya. Mutum ba ya jin wannan. Amma ƙwaƙwalwar da ke bugawa sau miliyan 16 a sakan tana ganin kowane tsalle, kuma kowanne dannawa ce a wurinta. A rumfata ta biyu wannan ya same ni. Tazarar farko ta tayar da ƙirgar da ake yi kafin ɗaukar hoto, ta biyu da ta biyo ta nan take ta tsallake ƙirgar, sai hoto ya fito mutane ba su gama gyara tsayuwa ba, wani ya juya baya, wata tana ɗaura ɗankwali. Na yi kwana biyu ina zargin kyamara.

Gyaran a rubutu yake. Idan ka ga ƙafar ta faɗi, kada ka gaskata nan da nan. Jira milisakan 30 zuwa 50, ka sake dubawa. Idan har yanzu tana ƙasa, to dannawa ce ta gaskiya. Wannan ya magance ƙarfe, saura mutum, kuma mutum ya fi ƙarfe wuyar sha'ani. Na zauna a gefe na kalli hannaye da yawa a kan maballin nan. Dattijo yakan ɗora yatsa a hankali ya riƙe, yana jiran a ce masa ya saki. Saurayi yakan mare shi da tafi. Yara kuwa ganga suke mayar da shi. Wata za ta danna, ba ta ga komai ya motsa ba cikin rabin sakan, ta ƙara sau uku. Babu mai laifi a cikinsu, kowa ya yi abin da hankalinsa ya ba shi. Aikin mai haɗawa ne ya sa duk waɗannan su zama abu ɗaya a wurin kwamfuta. Saboda haka dokoki biyu nake ƙarawa. Ta farko, saƙo yana fita ne a lokacin da ƙafar ta sauya daga sama zuwa ƙasa kaɗai, kuma ba wani saƙo sai an saki an sake dannawa, ko da an shekara ana riƙe da shi. Ta biyu, da zarar saƙo ya fita, maballin ya kurumce. Ka auna da agogo tsawon lokacin da manhajarka take ɗauka daga ƙirga zuwa hoto na ƙarshe. Tawa, mai hoto huɗu, tana cin kusan sakan 25, don haka na sa maballin ya toshe kunnensa na sakan 27. A cikin wannan lokaci ko rawa aka taka a kansa, kwamfuta ba za ta ji ba.

Na ce za mu dawo kan saƙon saki. A Arduino akwai Keyboard.press, wanda ke dannawa ya riƙe, akwai Keyboard.write, wanda ke dannawa ya saki da kansa. Wanda ya yi amfani da na farko ya manta da sakin, kwamfuta za ta ɗauka har yanzu yatsa na kai, ta yi ta zuba tazara ba iyaka. Haɗarin ya wuce nan. Allon da ke rubutu ba tsayawa yana iya hana ka gyara shi, domin da ka soka shi zai fara watsa haruffa a cikin rubutun da kake son gyarawa. Shi ya sa nake sa jinkirin sakan uku a farkon umarnin kafin kibod ya farka. Idan kuma ka riga ka faɗa ramin, a Pro Micro ka taɓa ƙafar RST da GND sau biyu da sauri, zai ba ka sakan takwas ka tura sabon rubutu. Ku kula kuma, Pro Micro iri biyu ne, mai bolt 5 da mai 3.3. Duba bayan allon kafin ka zaɓa a manhaja.

Fitilar cikin maballi ba ado ba ce. Ita ce bakin da rumfa take magana da shi. Idan tana numfashi a hankali, haske na ƙaruwa yana raguwa, mutane daga nesa sun san ana kiran su. Idan an danna ta mutu nan take, mai dannawa ya san an ji shi, ba zai ƙara ba. Wannan kaɗai ya rage mini dukan maballi fiye da duk wata takardar sanarwa da na taɓa mannawa. Sai dai manyan maɓallan nan galibi da fitilar bolt 12 suke zuwa, USB kuwa 5 yake bayarwa. Ko dai ka nemi mai bolt 5, ko ka cire ta ka sa ƙaramar fitilar LED da rezista mai om 220 a jere da ita. Jar fitila tana cin kamar bolt 2, saura 3, ka raba da 220 ka sami kusan miliamfiya 14, ƙasa da 20 ɗin da ake so ƙafa ɗaya ta ɗauka. In kana son haske mai ƙarfi, sa taransisto a tsakani, kada ka ɗora wa ƙafar kayan da ya fi ƙarfinta.

Akwati kuwa a ba kafinta, ya yi shi da katako mai nauyi, a manna roba a ƙasansa don kada ya zame. Tsayinsa daga ƙasa ya zama inda yaro ɗan shekara shida da mai keken guragu za su kai, kuma kusa da inda ake tsayawa, don kada mai dannawa ya fito a hoto yana gudun komawa wurinsa. Abin da ya fi saurin mutuwa a duk aikin nan shi ne ɗan bakin USB da ke kan Pro Micro. A saman allo kawai aka liƙa shi, fizga ɗaya ya ɓalle. Ka ƙulla igiyar a cikin akwatin, ko ka ɗaure ta da jikin katako, yadda in wani ya yi tuntuɓe da ita katako ne zai ji, ba allo ba. Igiyar ma a duba ta. Ta gaskiya waya huɗu ce a ciki: ja da baƙa na wuta, fara da koriya na saƙo. Da yawa daga cikin igiyoyin caji da ke kasuwa biyu kawai gare su. Allonka zai kama wuta, fitila ta haska, kwamfuta kuwa ba ta san da zamansa ba. Tsawonta kada ya wuce mita biyar, in ya zama dole a wuce, a sayi igiyar ƙari mai ƙarfafa saƙo.

Ɓangaren kwamfuta zan taƙaita. Kibod yana magana ne da tagar da ke gaba kawai, don haka duk wata sanarwa da ta faɗo kan sikirin ta sace maka maballi. Kashe intanet, kashe sabuntawa, hana ta barci, buɗe manhajar ta cika fuska, sannan ka ɓoye ainihin kibod ɗin. Laftof yana da batir, ɗauke wuta ba ta dame shi, amma firintar hoto irin mai bi ta kan takarda sau huɗu, rawaya da ja da shuɗi sannan rufi, in wuta ta yanke a tsakiya takardar ta tafi. A jona ta da inbata. Wanda kuma ba shi da laftof, wayar Android da 'yar mahaɗar OTG tana karɓar kibod, kuma a yawancin wayoyi maballin ƙara murya yana ɗaukar hoto, da shi ne ma sandunan ɗaukar kai suke aiki. Sai ka sa allonka ya aika wannan a maimakon tazara.

Akwai magana ɗaya da ba ta waya ba ce, amma ba zan sauka ban faɗe ta ba, musamman ga ƙannena ɗalibai da za su mayar da wannan sana'a. Matan da suka saki jiki a rumfar nan sun yi haka ne don sun ga babu namiji a bayan kyamara. Hotunan suna nan a laftof ɗinka bayan an watse. Amana ce. Ka miƙa su ga masu biki, ka goge naka a gabansu, kada ko ɗaya ya hau Facebook ko TikTok da sunan tallar aikinka sai da izinin wadda ke ciki.

Gwajin ƙarshe kafin ka kai shi wurin biki: buɗe shafin rubutu fanko, ka cire lokacin kurumcewar gaba ɗaya don kada ya ɓoye tsalle, ka danna sau ɗari kana ƙirgawa a hankali, sannan ka ƙirga tazarar da ta fito. Idan ta zama 101, akwai sauran tsalle, ƙara jinkirin. Idan 99 ce, jinkirin ya yi yawa ko wata waya ta yi sako-sako. Bayan nan ka mayar da lokacin yadda yake, ka haɗa rumfar gaba ɗaya a tsakar gida, ka kira yaran maƙwabta, kada ka yi musu bayanin komai, ka koma gefe ka zuba ido na awa ɗaya. Abin da zai karye a biki, a nan zai karye.

Na kafa rumfar a bayan zauren nan, kusa da ƙofar fita, kuma na bar murfin wani akwatin a buɗe don masu son ganin haɗin wayar. Akwai tsofaffin kibod guda uku da mita a kan tebur, duk ɗalibin da ya fara gano haƙoran maballin tazara, allon nasa ne ya tafi da shi. Shugaban wannan zama, na ga an ɗaga hannu a can baya.  Bismillah, malama, muna jin ki.